Kundin aikin sabunta ƙa'idojin tashi da jirgin leƙen asiri King Air 350

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Kwamanda ya sa hannu a takardar kafa kwamitin da zai sake rubuta ƙa'idojin aiki na sashenmu. An ɗora mini riƙon kundin tunda ni ne jami'in kula da lafiyar tashi da sauka. A kwamitin akwai matuƙa biyu, babba da ƙarami, da mai kula da kyamara, da tsohon makanikinmu da kowa ke kira Baba. Wa'adinmu faɗuwar damina. Inda ake zuwa da abin da ake kallo ba za su shigo nan ba, maganar jirgi ce kawai da yadda zai dawo da mutanen da ya ɗauka.

Jirgin Beechcraft King Air 350 ne, ƙirar Wichita a jihar Kansas ta Amurka. Injinsa biyu ne, PT6A-60A na kamfanin Pratt & Whitney Canada, kowanne da ƙarfin doki 1,050, kowanne yana juya farfela mai fuka-fukai huɗu. Nauyin da aka yarda ya tashi da shi kimanin kilo 6,800 ne, kuma yana hawa har ƙafa 35,000. Asalinsa jirgin attajirai ne da manyan ma'aikata: a tashi, a hau sama, a miƙe, a sauka. Da irin wannan tafiyar aka rubuta yawancin littafinsa. Mu kuwa mun rataya masa kyamara a ƙarƙashin ciki, mun kakkafa masa eriya, mun cire kujeru mun sa tebura da allunan kallo, sannan mu kai shi wuri ɗaya mu ce ya yi ta kewaye awa da awanni, a hankali, fiffike ɗaya a karkace. Masu girka kayan sun haɗo ƙarin shafuka kan nauyi da jan iska, amma ba su faɗi abin da matuƙi zai yi ba idan na ƙasa suna ta kira a rediyo suna neman hoto.

Matsayata tun zaman farko ita ce, duk lambar da ran mutum ya rataya a kanta a yanke ta a ƙasa, a kan tebur, lokacin da hankalin kowa yake kwance. In aka bar ta sai an hau sama, wanda ya fi ɗaga murya ne zai yanke ta.

Laraba, 22 ga Janairu

Hazo ya rufe gari tun shekaranjiya, ƙurar nan da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da safe in ka tsaya bakin rumfar jirage ba ka hango ƙarshen titi.

Tashi da sauka cikin hazo akwai lambobinsu a rubuce, ba mu taɓa su ba. Inda muka daɗe shi ne abin da hazo ke yi wa kyamara. Hoto kan dushe, mai kallo ya ce ba ya bambance babur da saniya, na ƙasa kuma sun ƙagu. Sai ka ji, "A ɗan sauko mana kaɗan." Kaɗan ɗin nan ne ke kai jirgi inda bindigar da ake girkawa a bayan Hilux za ta cim masa. Ranar 18 ga Yuli, 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya tsira saboda kujerarsa irin mai cilla mutum waje da lema ce. King Air ba shi da wannan kujera, ba shi da gudun Alpha Jet. Mun amince a rubuta tsayin da ba a saukowa ƙasa da shi a takardar kowane aiki kafin a tashi, kuma ba mai ikon rage shi daga cikin jirgi. In hoto ya ƙi, a ce ya ƙi.

Da rana Baba ya ja mu gindin injin hagu. Ya cusa hannu cikin mashaƙar iska ya shafo, ya fito da yatsu fari fat, ya miƙa wa ƙaramin matuƙinmu. "Yallaɓai, duk wannan cikin injinka za ta." Injin PT6 ta baya yake shan iska, ta gaba yake fitar da hayaƙi, don haka dole iskar ta yi kwana kafin ta shiga. A cikin mashaƙar akwai wani marfi da in an sauke shi, duk abin da ya fi iska nauyi sai ya kasa yin kwanar ya wuce ta baya. Saboda ƙanƙara aka yi shi, amma a ƙasa shi ke kare injin daga yashi da tsakuwa. Baba yana so a rubuta cewa a sauke yake muddin tayoyi na ƙasa ana tafiya a hankali, a kuma ƙara yawan wanke cikin injin duk tsawon hunturu. An rubuta. Na ƙara da cewa a riƙa ɗaukar lambobin zafi da ƙarfin kowane injin a kowace tafiya, saboda injin da ƙura ta fara cin fuka-fukansa ba ya ihu, zafinsa ne kawai ke hawa a hankali wata bayan wata.

Talata, 4 ga Fabrairu

Matuƙanmu sun dawo daga horon na'urar kwaikwayon tuƙi, don haka yau muka shiga babi mafi nauyi, wato mutuwar injin ɗaya daidai lokacin tashi.

Mutanen gari na ɗauka jirgi mai injin biyu ya ninka mai ɗaya aminci. Haka ne in an riga an hau sama ana da gudu. A daƙiƙun farko bayan barin ƙasa kuwa, lamarin tamkar shanun huɗa ne: ɗaya ya tsaya cak, ɗaya na ja da dukkan ƙarfinsa, garma sai ta karkata wajen wanda ya tsaya. Abin da ke riƙe hancin jirgi a miƙe shi ne marfin jela da ake takawa da feda, shi kuma ƙarfinsa daga gudun iska yake. Ƙasa da wani gudu, ko ka taka feda har ƙasa ba za ta riƙe ba, jirgin zai mirgina ya kife. A King Air 350 wannan gudun yana wajen not 94 (not shi ne awon gudun jirgi), shi ne jan layi a ma'aunin gudu. Shuɗin layi kuma not 125, gudun da jirgi ya fi hawa da injin ɗaya. Na hagu ya fi muni in ya mutu, saboda farfelolin biyu gefe ɗaya suke juyawa, kuma ɓangaren da ya fi ja a farfelar dama ya fi nisa da tsakiyar jirgi.

Kamfani ya sa wa jirgin mataimaka biyu masu aiki da kansu. Ɗaya na lura da bambancin ƙarfi tsakanin injinan ya taya matuƙi taka fedar da ta dace. Ɗayan kuma, da zarar injin ya mutu, yakan juya fuka-fukan farfelarsa su fuskanci iska da kaifinsu, su daina ja da baya. Sai dai wannan na biyun yana da sharaɗi: ba ya aiki sai totur yana can gaba. Shi ya sa littafi ya ce kada a ja totur ɗin injin da ya mutu baya sai farfelar ta gama juyewa. Nan kuma wata tsohuwar ɗabi'ar King Air take. In ba a ɗaure maƙullin da ke riƙe totur da kyau ba, da matuƙi ya ɗauke hannu zai ɗaga tayoyi sai totur ya zame baya da kansa. Injin lafiyarsa ƙalau, amma ƙarfinsa ya faɗi, farfela na ja da baya, mai juya ta kuma ya kashe kansa tunda totur ya bar gaba.

Na karanto musu rahotanni biyu. Ranar 30 ga Yuni, 2019 a Addison ta jihar Texas, King Air 350i ya tashi da mutum 10, ƙarfin injin hagu ya ragu jim kaɗan da barin ƙasa, jirgin ya mirgina ya faɗa kan rumfar jirage, ko rabin minti bai yi a sama ba. Babu wanda ya fita. Hukumar bincike ta Amurka, NTSB, ta gano matuƙin ya taka fedar hagu a inda ya kamata ya taka ta dama, kuma na'urar naɗar murya ba ta ɗauko an karanta jerin dubawa ba, wato jerin abubuwan da matuƙa ke bi ɗaya bayan ɗaya kafin tashi. Na biyun a filin Essendon na birnin Melbourne, 21 ga Fabrairu, 2017, ƙirar B200 da mutum 5. Injinan biyu suna aiki sarai. Maɓallin saita marfin jela ne aka bari a murɗe gaba ɗaya zuwa hagu, ba a lura ba kafin tashi, jirgin ya yi ta karkata har ya faɗa kan wani rukunin kantuna.

Babban matuƙinmu ya ce duk wannan yana cikin jerin dubawa tun fil azal, me za mu ƙara? Gaskiyarsa. Ba mu ƙara layi ko ɗaya ba, yadda ake karantawa muka sauya. Daga yanzu ɗaya ya kira, ɗaya ya taɓa abin da hannunsa ya faɗi abin da ya gani, ba a amsa "an duba". Maƙullin totur a gwada shi a ji tauri. Mataimakin matuƙi ya ajiye hannu a bayan totur biyu har sai an kai tsayin da aka ambata. Kuma kafin a hau titi, wanda zai tuƙa ya faɗa da bakinsa gudun yanke shawara na ranar, wato gudun da in an wuce shi a kan titi ba a fasa tashi, da abin da zai yi in injin ya mutu kafin wannan gudun, da abin da zai yi in bayansa ne: hanci a miƙe da feda, ƙarfi gaba, tayoyi sama, a ɗan karkata kamar digiri 5 wajen injin mai rai, a tabbatar farfela ta juye. Ƙafar da ke zaune ba ta aiki, injin gefenta ne ya mutu. Rediyo sai daga baya, hasumiya za ta jira.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Shekara 4 cif da faɗuwar King Air 350i na sojan saman Najeriya kusa da filin jirgin Abuja. Ya tashi zai nufi Minna a kwanakin da ake neman ɗaliban Kagara, ya ba da rahoton matsalar injin, ya juyo, bai kai titi ba. Mutum 7 suka rasu. An yi musu addu'a bayan Juma'a.

Abu ɗaya muka rubuta yau: ta inda za a juyo, da titin da za a nufa, da filin da za a wuce in namu ya rufe, duk a faɗe su kafin tashi. Ba kuma a fara juyowa sai gudu ya kai shuɗin layi.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, zafi kuma ya fara leƙowa. Maganar da kowa ke kauce wa ita muka ɗauko. Mutum ya tashi sahur, bai koma barci ba, ya shiga jirgi da hantsi, iskar ciki busasshiya, ya zauna yana kallon allo har la'asar ba ruwa. A goman ƙarshe ga tahajjud. Ba aikin kwamiti ba ne ba da fatawa, don haka muka roƙi limamin bariki ya zauna da ma'aikatan, ya yi musu bayanin rangwamen da aka yi wa matafiyi, kowa ya tambayi abin da ya shige masa duhu. Namu shi ne jadawali: dogon aikin rana a riƙa karɓa-karɓa, wanda ya kwana a sama ba ya tashi da safe, kuma duk wanda ya ce bai samu barci ba a musanya shi ba tare da an rubuta masa komai a fayil ba. Wannan na ƙarshen sai da aka kai ruwa rana.

Tunda ana maganar jiki, muka haɗa da iskar shaƙa. A ƙafa 25,000 in matsin iskar ciki ya zube, mutum na da minti 3 zuwa 5 kafin hankalinsa ya daina amfani, kuma ba ya jin yana tafiya. A watan Satumba na 2000 wani King Air ya tashi daga Perth ta Ostireliya da mutum 8, tafiyar da ba ta da nisa sosai, amma ya yi ta tafiya shi kaɗai kusan awa 5 har ya faɗi can arewacin Queensland. Masu bincike sun fi karkata ga cewa rashin iskar shaƙa ce ta sumar da kowa. Alamominta na farko, ciwon kai da kasala da jinkirin tunani, su ne dai alamomin mai azumi da rana. Saboda haka dokar ita ce, in fitilar gargaɗin matsin iska ta kama, ko wani ya ji ba daidai ba, takunkumin iska tukuna, bincike daga baya. Mun kuma sa duba ma'aunin matsin ciki a ƙafa 10,000 da kuma in an kai tsayin aiki.

Laraba, 19 ga Maris

Zaman yau ya yi zafi. Babin kewaye ne, wanda shi ne ainihin aikin wannan jirgi, kuma a ganina shi ne wurin da ya fi yaudara, saboda komai a natse yake.

Ga yadda abin yake. Jirgi na kewaye a hankali don mai ya daɗe, kuma don kyamara ta zauna a kan abin da take kallo. Duk karkata na ƙara gudun da fiffike ke buƙata kafin ya ci gaba da ɗaukar jirgi: digiri 30 na ƙara kusan kashi 7 cikin 100, digiri 45 kashi 19, digiri 60 kashi 41. Kyamara da eriya na ja da baya. Na'urar tuƙi ce ke riƙe da jirgin, matuƙa biyu kuma ga allo a gabansu yana nuna abin da ke faruwa a ƙasa, wanda ya fi ma'aunin gudu daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Amurkawa sun biya kuɗin wannan darasi. Jirginsu MC-12W, wanda shi ma King Air 350 ne da aka ɗora wa kayan leƙen asiri, ya tashi daga Kandahar ta Afganistan ranar 27 ga Afrilu, 2013 da mutum 4. Suna cikin kewaye gajimare ya tare su, suka fara hawa daga ƙafa 20,000 zuwa 23,000 suna karkace hagu. An saita na'urar tuƙi a tsarin da ke riƙe yawan ƙafar da ake hawa a minti. Wannan tsari bai damu da gudu ba: in ƙarfin injin bai isa ba, zai yi ta ɗaga hanci don ya cika lambar da aka ba shi, gudu na zubewa. Fiffike ya saki iska, jirgin ya shiga wulwulawa, ba su iya fitar da shi ba. Babu wanda ya harbe su, injin bai mutu ba. Rahoton binciken ya kuma ambaci ƙarancin gogewa a kan irin wannan jirgi.

Na kawo shawarar a kashe allon hoto na gaban matuƙa gaba ɗaya. Mai kula da kyamara ya ce sam. "Ranka ya daɗe, in matuƙi ba ya ganin abin da nake gani, fiffike zai riƙa rufe mini hoto a kowane zagaye, ni kuma in yi ta yi masa magana. Surutun ya fi allon ɗauke hankali." Hujjarsa tana da ƙarfi, babban matuƙi ma ya goya masa baya. Muka tsaya a tsakiya: a kowane lokaci akwai mutum ɗaya da aka ambata da suna cewa shi ke da jirgi, shi ba ya kallon hoto, ba ya amsa rediyon na ƙasa. In za a yi musanya a faɗa a amsa.

Sauran ba a yi gardama ba. Mafi ƙarancin gudun kewaye a rubuta shi bisa nauyin ranar, a lika a gaban kowa. Ba a wuce digiri 30 a karkata. In za a hau, a fara ƙara ƙarfi, a yi amfani da tsarin da ke riƙe gudu, in da hali a miƙe fiffike a hau sannan a koma kewaye. Kowa a cikin jirgi, har mafi ƙanƙanta a muƙami da ke zaune a baya, yana da ikon ya ce "gudu", kuma mai jirgi dole ya duba ya amsa da lamba.

Akwai abin da ƙaramin matuƙi ya tuna mana, wanda zafin ƙasarmu ke sa a manta. Ko ana narkewa a Sakkwato, sama da kamar ƙafa 16,000 ruwa daskarewa yake yi. Kewaye cikin gajimare a can na tara ƙanƙara a fiffike da kan kyamara, kuma littafi ya ce in ana cikin ƙanƙara kada gudu ya gaza not 140. Mun ce ba a kewaye cikin gajimare mai ƙanƙara kwata-kwata.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah, bazara ta kankama. Mun yi lissafi a allo da misalin Maiduguri. Filin yana kimanin ƙafa 1,100 sama da teku. In zafi ya kai digiri 42, iskar ta yi sirantar da injin da fiffike ke ji kamar suna ƙafa 4,600. Jos kuma tun asali ta haura ƙafa 4,000. Titi ya ƙara tsawon da ake buƙata, hawa da injin ɗaya ya ragu. Tankunan jirgin na ɗaukar lita 2,000 da 'yan kai, kowa kuma so yake a cika su don a daɗe a sama. Da kayan leƙe da mutane da cikakken mai, da tsakar rana, wani lokaci lissafi ba ya fita. In bai fita ba mai ake ragewa, ko a matsar da tashi zuwa asuba. Takardar lissafin kuwa matuƙa biyu kowa ya yi tasa daban sannan a gwama.

Man komawa gida ma an yanke: ana lissafa shi kafin tashi har da na zuwa wani filin, in allura ta kai wurin an juya, ko me kyamara ke kallo.

Baba ya nemi a saka maganar tayar da injin cikin zafi. Ba a sakin mai sai injin ya kai aƙalla kashi 12 cikin 100 na juyawarsa, kuma zafin ciki kada ya wuce digiri 1,000 fiye da daƙiƙa 5. Batir mai rauni shi ke kawo tashi mai zafi, don haka in akwai janareton ƙasa a yi amfani da shi, hannu kuma na kan abin yanke mai har allura ta fara sauka.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ƙananan abubuwa yau. Wani yaron Baba yana zagayen safe ya haska tocila cikin bututun auna gudu na gefen dama, ya ga ramin ya toshe da jar laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, har da tsutsar da ya ajiye wa 'ya'yansa. Da an tashi a haka, ma'aunin gudun mataimaki zai riƙa ƙarya. Yanzu murfin bututu na komawa da zarar ya huce bayan sauka, ko da awa ɗaya za a tsaya, kuma ana leƙa ramin da haske, ba a tsaya ga cire murfi ba.

Shirwa sun fara yawa, kamar kullum in damina ta matso. An rubuta wa hukumar da abin ya shafa kan jujin da ke gefen hanyar sauka. An kuma ƙara tsiyayar mai daga ƙasan tankuna kowace safiya da bayan kowane shan mai, a ɗaga kwalba a rana a duba ko ruwa ya kwanta a gindi.

Laraba, 21 ga Mayu

Da gangan na sa babin hadari a wannan rana. Ranar 21 ga Mayu, 2021 King Air 350i ya faɗi kusa da filin jirgin sama na Kaduna cikin mummunan yanayi, da Babban Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10. Wata 3 kenan bayan na Abuja.

Hadarin farkon damina a arewa daga gabas yake tasowa, yawanci da yamma, a jere kamar yadda manoma suka san shi, iska mai ƙura na gaba ruwa na biye. Iskar gaban nan ita ce mugunyar ga mai sauka, don tana iya juyawa daga gaba ta koma baya cikin ɗan lokaci, gudu ya zube jirgi na dab da ƙasa. Na'urar hango hadari da ke hancin jirgi tana da iyaka: ruwa mai ƙarfi na shanye siginarta, abin da ke bayansa ya fito baƙi kamar sarari, alhali nan ne ya fi muni. Mun ɗauki tazarar mil 20 daga babban hadari, gudun ratsa gargada not 170, kuma ba a fara sauka in hadari na kan filin ko kan hanyar shiga. A jira a gefe, ko a wuce filin da aka tanada.

Wannan duk mai sauƙi ne a takarda. Mai wuyar shi ne ranar da jirginmu zai ɗauki manya, ko babban ofis ya kira ya ce lallai a tashi. Matuƙi mai ƙananan taurari, ga wanda ya girme shi da muƙami biyar zaune a bayansa yana duba agogo. Ba sai an ce masa komai ba. Na shiga wurin Kwamanda da wannan sakin layi shi kaɗai. Na ce, "Ranka ya daɗe, in dai matuƙi ne zai ce a'a da bakinsa, wata rana zai kasa. A bar takarda ta faɗa, da sa hannunka a ƙasa." Ya karanta sau biyu, ya ɗauki biro ya goge "matuƙi na iya jinkirta tashi" ya rubuta "ba a tashi". Ya kuma ƙara cewa duk wanda ya soke tafiya ko ya sauya filin sauka saboda yanayi, shi Kwamanda ne zai yi wa na sama bayani, ba matuƙin ba.

Talata, 3 ga Yuni

An miƙa daftari, ya dawo da gyare-gyare da jan biro, yawancinsu na tsarin rubutu. Babi uku sun fara aiki tun makon jiya: na tashi, na kewaye, na hadari. Ma'aikatan baya sun fara kiran "gudu", har wani ya kira a inda babu matsala, babban matuƙi ya amsa masa da lamba bai ce komai ba.

Abin da ya rage: babin aikin dare bai kammala ba, musamman hasken alluna da ke kashe wa matuƙa ido kafin sauka, ana neman labule tsakanin gaba da baya. Ba a samu gurbin horon na'urar kwaikwayo na sababbin matuƙa ba tukuna, kuma ina so a sa musu zamewar totur da sakin iska a cikin kewaye, ba mutuwar injin kaɗai ba. Mai kula da kyamara ya nemi a sake duba iyakar digiri 30 in iska ta yi ƙarfi a sama, an ce ya kawo lambobi. Baba zai haɗo jadawalin zafin injinan daga Janairu zuwa yau a ga ko wankin hunturu ya yi tasiri. Zama na gaba bayan Babbar Sallah.